Hauwa Uku a Ribaɗin Bagdadiyya

Jamila, Usman, Hanan, ku karanta wannan a tsanake, domin na gaji da jin labarin nan a karkace a bakin dangi. Na san abin da aka faɗa muku tun kuna ƙanana, wai ni na tattara kayan kakarku na kai ta gidan tsofaffi saboda ta yi mini nauyi. Ba haka aka yi ba. Ina wurin, da kunnena na ji, kuma yau saura ni kaɗai cikin waɗanda suka zauna cin abinci a ranar da maganar ta taso.

A lokacin muna unguwar Sharafiyya a Jidda, hawa na huɗu, a ginin da ba shi da lif. Inna Hauwa, mahaifiyar babanku, tana tare da mu. Tun tana amarya ta baro Gadarif ta biyo mijinta aikin Hajji, suka zauna a Jidda, ba ta sake komawa Sudan ba. Da gwiwoyinta suka gaza, benen nan ya zama mata kurkuku. Shekara uku ba ta taka ƙasa ba sai in asibiti za a kai ta, shi ma a kan kujera babanku da wani maƙwabci suke sauko da ita. Da safe babanku ya tafi shagonsa na walda a Mahjar, ni in tafi ƙaramin asibitin da nake taimaka wa ma'aikatan jinya har azahar, ku kuma ku tafi makaranta. Inna ta ja kujera bakin taga ta zauna tana kallon kan mutane. Na taɓa dawowa na tarar tana gaida wani mai sayar da ruwa daga sama, shi bai ma san tana yi ba.

Wata Juma'a ƙawarta ta zo, Hajja Hauwa Doguwa, wadda suka hau jirgin ruwa ɗaya daga Bur Sudan tun suna da ƙuruciya. Ta hawo benen nan tana hutawa a kowane hawa, ta shigo tana haki, ta zube a kan darduma. Da numfashinta ya dawo ta dubi Inna ta ce:

"Hauwa, nan kike? Ai ko ladan ba ya hawa wannan nisa."

Ita Doguwa a ribaɗi take zaune, a unguwar Bagdadiyya. Kun san ribaɗi, gidan waƙafi ne da masu hali suke bari don tsofaffin matan da ba su da mai kula da su. Ta yi ta ba Inna labari: ɗakuna duk a ƙasa, tsakar gida da bishiyar darbejiya, kowace safiya a hura gawayi a dafa gahawa a jabana, 'yar tukunyar gahawar Sudan, a sha a yi gardama. Inna ta yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Da baƙuwar ta tafi, sai Inna ta koma bakin tagarta kwana biyu. A rana ta uku muna cin abincin rana ta ajiye lomarta ta ce da babanku:

"Idi, ribaɗi nake so ka kai ni."

Babanku ya daskare. Ya ce, "Inna, me muka yi miki?"

Ta ce, "Ba ku yi mini komai ba. Shi ne ma abin. Daga safe har azahar ba wanda yake yi mini komai, ko faɗa."

Na fashe da kuka, na ce zan bar aiki in zauna da ita. Ta dafa gwiwata ta ce:

"Bilki, ko kin zauna, hirar me za mu yi? Kin san wanda ya mutu a jirgin ruwanmu? Kin san yadda ake daka a Gadarif? Ke 'yar kirki ce, amma ba tsarata ba ce."

Wata uku babanku yana jan ƙafa. Baffanku Sale, yayansa da ke Makka, ya kira a waya ya ce wannan abin kunya ne, kuma ya san daga inda iskar take kaɗawa, wato daga wurina. Daga ranar ya daina amsa gaisuwata. Inna kuwa kowace safiya sai ta ɗaure kayanta a zani ta ajiye bakin ƙofa. Ƙarshe babanku ya ɗauki ƙullin ya ce, "Halas, shi ke nan, Inna, yalla mu tafi."

Gidan tsoho ne, wata attajira ce ta bar shi waƙafi, jikanta ne naziri, wato mai kula da dukiyar, yana leƙowa sau ɗaya a wata. Tsofaffi goma sha huɗu ne a ciki har da Inna, mai aiki kuwa ɗaya tak, Zainabu, wata Bahaushiyar Sudan mai yawan fara'a. Ita ce girki, ita ce wanki, ita ce cefane, ita ce ba da magani. Da muka isa aka tarar akwai Hauwa biyu a gidan: Doguwa ƙawar Inna, da Hauwa Ƙarama, wata 'yar tsohuwa da tunaninta ya fara gushewa, tana son fita titi neman ɗanta da ya daɗe da rasuwa. Nan take suka raɗa wa Inna suna Hauwa Sabuwa. Mace ta kusa tamanin ana kiranta Sabuwa! Ta ji daɗin sunan nan ƙwarai. Makonnin farko kullum na biya bayan aiki sai in tarar da ita ƙarƙashin darbejiya, ƙafa da lalle, baki bai rufe ba. Har ta yi ƙiba. Babanku ya fara sakin fuska.

A wata na biyu abu ya canza. Na zo da rana tsaka na tarar Inna tana barci a zaune, baki a buɗe. Na tashe ta, maganarta tana fita a jaye kamar harshenta ya yi nauyi. Na ce ko gajiya ce. Washegari haka, jibi haka. A rana ta huɗu ta zame a ƙofar banɗaki ta bugu a kwatangwalo, Allah ya tsare ba karaya. A ranar kuma Doguwa take gaya mini Hauwa Ƙarama ta daina barci, kuma in ta miƙe sai jiri ya ɗebe ta. Na ce da Zainabu ta kawo mini maganin Inna in gani.

Ta ɗauko wani babban gwangwanin biskit. Maganin gidan gaba ɗaya yana ciki, kowace leda da sunan mai ita da rubutun mai shagon magani. Na ce ta nuna mini na Inna. Ta zaro leda ta miƙo mini da murmushi. Na duba, na Hauwa Ƙarama ne, maganin kwantar da hankali mai sa barci. Na ce ta karanta mini sunan. Ta ƙura wa ledar ido, ta sunkuyar da kai. A nan na gane Zainabu ba ta iya karatu ba. Shekara tara tana gane ledar kowa da siffar sunan, kamar yadda ake gane fuska. Hauwa biyu ta bambanta su da girman leda. Da aka zama uku, leda biyu suka zo iri ɗaya, sai ta riƙa ba Inna na Ƙarama, tana ba Ƙarama maganin hawan jinin Inna.

Ta durƙusa ta kama ƙafata tana kuka.

"Ya Ummu Jamila, don Allah ki rufa mini asiri. In naziri ya ji, ya kore ni. Wallahi kamar uwayena na ɗauke su."

Raina a ɓace yake. Na kira babanku, muka kwashi Inna da Hauwa Ƙarama muka kai wa likitan da nake aiki a wurinsa. Ya duba su ya ce an yi sa'a, a mayar wa kowacce nata, kwana kaɗan za su dawo daidai. Muka mayar da Ƙarama, Inna kuwa muka wuce da ita Sharafiyya, aka hau da ita a kujera. Babanku ya ce an gama da maganar ribaɗi har abada, ni ma na ce haka.

Kwana uku idon Inna ya washe. Ta dubi tagar nan, ta dube ni, ta ce:

"Yaushe za a mayar da ni?"

Na ce, "Inna, sun kusa kashe ki fa."

Ta ce, "Magani aka yi kuskure, ba gida ba. Kuma ni ina da ke, kin gane kin fitar da ni. Sauran sha ukun nan fa, wa zai duba musu gwangwani?"

Wannan tambayar ta hana ni sukuni. Da gari ya waye na je ribaɗi na sami Zainabu na ce mata ba zan ɓoye ba, domin rayukan mutane ne, amma ba zan yi maganarta a bayan idonta ba, ta sa abayarta mu tafi tare. Muka je ofishin naziri, nan Bagdadiyya, ni da ita da gwangwanin biskit. Mutum ne mai natsuwa, gashinsa ya fara fari. Da ya ji abin da ya faru sai fuskarsa ta canza, ya ce gobe zai nemo wata a madadinta. Na ce masa da Larabci, don shi ba ya jin Hausa, ya yi haƙuri ya saurare ni tukuna. Na ce wannan mata hannu biyu gare ta, tsofaffi sha huɗu, shekara tara ba ta huta ko yini ɗaya ba, kuma ba wanda ya taɓa tambayarta ko tana karatu. Na gaya masa tayil ɗin banɗaki santsi gare shi, babu abin riƙewa. Na gaya masa tukunyar gas tana bakin ƙofar kicin cikin rana. Na gaya masa duk lokacin da Zainabu za ta kasuwa sai ta garƙame ƙofar gida da kwaɗo ta waje don kada Hauwa Ƙarama ta fita, ta tafi da makullin a aljihu. Na ce in wuta ta tashi fa?

Ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya ce kakarsa da ta bar gidan nan da ta ji wannan da ba ta yafe masa ba. Ya ce kayan gyara zai saya, wannan mai sauƙi ne, amma mutum yake nema wanda zai tsaya a gidan, ya san magani, ya kuma ji yaren matan. Ya dube ni ya ce:

"Ke za ki zo?"

Na yi dariya, na ɗauka wasa yake. Ba wasa yake ba.

Mako guda ina juya maganar. Aikina na asibiti rabin yini ne, cikin sanyin na'ura, azahar ina gida ina jiran ku. Na ribaɗi daga safe ne har magariba, kuma sai an sauya mini kafili, wato uban gidan da ya tsaya mini, a iƙama, takardar izinin zama, abin da duk baƙon ƙasar nan ya san ba a yin sa da wasa. Babanku ya ce:

"Ba zan hana ki ba, uwata ce za ta amfana. Amma yaran nan su za su ji a jikinsu."

Gaskiya ya faɗa. Na karɓi aikin, kuma ku kuka biya. Jamila, kina shekara sha biyu kika fara ɗumama wa ƙannenki abinci, tabon da ke bayan hannunki na tukunyar shinkafa ne, ranar ina can ina yi wa wata tsohuwa wanka. Usman, an kira iyaye a makarantarku sau biyu ban je ba. Hanan, ke kam kusan a cinyar tsofaffin nan kika girma. Ban taɓa neman gafararku ba, yau ina nema. Ba zan ce da za a mayar da ni baya zan zaɓi wani abu dabam ba, don ƙarya zan yi, amma na san abin da na ɗauke muku.

Inna ta koma ribaɗi ranar da na fara aiki, aka tarbe ta da guɗa kamar amarya. Abu na farko da muka yi shi ne rabuwa da gwangwanin biskit. Na ce kowace tsohuwa ta kawo ƙyalle daga tsohon zaninta, a ɗinka mata jakar magani mai aljihu uku, na safe, na rana, na dare. Zainabu ba ta san haruffa ba, amma ko a duhu ta san zanin kowa. Ni nake cika aljihunan, ita ta raba, in kuma bi baya in duba. Ɗinkin jakunkunan nan ya zama biki. Doguwa ta ce tata sai an sa mata geza. Wata 'yar Barno ta ƙi yanka zaninta, ta ce na lefenta ne, ƙarshe ta ba da ɗankwali. Inna kuwa ta ɗauki Zainabu a matsayin ɗaliba, don ta yi karatun allo tun a Gadarif. Kullum bayan la'asar ta zaunar da ita da takarda da fensir, in ta yi kuskure ta ɗan ja mata kunne. Kafin shekara ta zagayo Zainabu ta tsaya tsakar gida ta karanta sunan kowa a leda, ɗaya bayan ɗaya, har Hauwa ukun da sunayen ubanninsu. Tsofaffi suka yi ta tafi, ita kuma tana dariya tana share hawaye da gefen mayafi.

Babanku ya zo da injin waldarsa wata Asabar ya kafa ƙarafan riƙewa a banɗaki da bangon tsakar gida. Matan suka yi layi don gwadawa. Doguwa ta kama ɗaya da hannu biyu ta saki jikinta gaba ɗaya tana lilo, ta ce:

"Idi, in wannan ya riƙe ni, zai riƙe raƙumi."

Aka shimfiɗa roba a ƙasan banɗaki, aka mayar da gas inuwa, aka cire kwaɗon aka sa makullin da ke buɗewa ta ciki. Saura maganar Hauwa Ƙarama da fitarta. Inna ce ta kawo shawara: a ajiye kujera a zaure, kowace tsohuwa ta yi sa'a guda tana gadin ƙofa. In Ƙarama ta zo za ta fita, mai gadi ta ce, "Zo ki zauna mu jira shi tare," sai ta zauna. Na ɗauka za su ƙi, ashe faɗa za a riƙa yi a kan kujerar, domin daga nan ana ganin titi, da mai burodin tamis, da duk wanda ya shiga shagon wa.

Ni ma na yi nawa kuskuren, kada ku ɗauka komai daidai na yi. Da na ga abubuwa suna tafiya sai kaina ya yi girma, na hana hura gawayi, na ce haɗari ne, za a riƙa dafa gahawa a kicin a kawo musu a filas, kuma babu sukari. Washegari na shigo na yi sallama, ba wadda ta amsa da ƙarfi. Filas ɗin yana nan ba a taɓa ba. Kwana uku ba hira, ba lalle, kujerar gadi ma da ƙyar ake samun mai zama. Gidan ya yi tsit, tsaf, ba haɗari ko ɗaya, kuma kamar an yi mutuwa. Inna ta kira ni ɗakinta ta ce:

"Bilki, mun gode da kika hana mu faɗuwa. Amma ba don kada mu mutu kaɗai muka zo nan ba. Ki mayar mana da gawayinmu."

Na ji kunya. Babanku ya ƙera musu murhu mai ƙafafu da ba ya kifewa, aka kafa shi wuri ɗaya ƙarƙashin darbejiya da bokitin yashi a gefe. Masu ciwon sukari muka yi ciniki da su a kan rabin cokali. Daga ranar ban sake kafa doka a gidan nan ba sai na zaunar da su na tambaya.

Bayan ƙaramar Sallah Baffanku Sale ya zo daga Makka da mota, da niyyar tafiya da uwarsa ko tana so ko ba ta so. Ya tarar da ita a zaure kan kujerar gadi, da sanda a hannu. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce ta tashi ta haɗa kaya. Ta ce:

"Sale, ina bakin aiki. Shiga ciki ka jira, saura rabin sa'a a canje ni."

Ya shiga yana huci. Tsofaffin suka zaunar da shi a tabarma, suka ɗora jabana, suka shiga yi masa tambayoyi: 'ya'yansa nawa, me ya sa ya rame, matarsa tana fita aiki ko tana gida, gidansa hawa na nawa ne. Da ya ce na biyar sai Doguwa ta tafa hannu, gidan ya kwashe da dariya. Ina kicin ina jin su. Ya sha finjali uku. Da Inna ta sauka daga gadi ta zagaya da shi, ta nuna masa ɗakinta, da jakar maganinta, da ƙarfen da ƙaninsa ya kafa. Da yamma ya shiga motarsa shi kaɗai. Ko kallona bai yi ba, amma daga nan duk wata sai ya aiko da buhun dabino.

Shekara shida Inna ta yi a ribaɗi. Ta rasu wata safiya bayan gahawa, ta jingina da kafaɗar Doguwa suna tsakiyar musu a kan sunan wata rijiya a Gadarif. Doguwa ta ci gaba da magana har ta ji ba a mayar mata ba. Matan gidan su suka yi mata wanka, ni da Zainabu muna zuba ruwa. Ranar sadakar uku Baffanku ya tsaya a ƙofar zaure ya aika a kira ni. Ya ce, "Bilkisu, Allah ya saka miki." Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma ya ishe ni.

Na ƙara shekaru a gidan kafin na miƙa wa Zainabu, ita ce shugaba yanzu, da mataimaka biyu da ta koya musu da kanta. Duk Alhamis ina zuwa shan gahawa, an san finjalina.

Yanzu ni ma gwiwoyina sun fara magana. Ban ce ku kai ni ko'ina ba, ban kuma ce kada ku kai ni ba, don ban yanke ba tukuna. Abin da nake roƙo ɗaya ne. In ranar ta zo, kada ku shiga ɗaki ku rufe ƙofa ku uku kuna shawara a kaina, kuna auna abin da dangi za su ce. Ku zo ku zauna kusa da ni ku tambaye ni inda nake so. In na faɗa, ku yarda da ni.